Yadda za ka karanta wa tsohon masunci labarin tsohon masunci

Sau uku na karanta littafin nan ni kaɗai, har ina ganin babu abin da ya rage mini a cikinsa. Sai da na zauna kan tabarma gaban Kawu a Lagdo, garin masunta a arewacin Kamaru, dare huɗu a jere ina juya masa shi da Hausa, sannan na san a da bangonsa kawai nake kallo. Littafin Ernest Hemingway nake nufi, marubucin nan Ba'amurke, wanda mu da muka yi lise, wato makarantar sakandare, a Kamaru muka sani da sunansa na Faransanci, Le Vieil Homme et la Mer, wato tsoho da teku, labarin wani tsohon masunci da ya yi kokawa da ƙaton kifi shi kaɗai a teku. Siriri ne, shafi ɗari da 'yan kai, ko babi babu. A 1952 ya fito, mujallar Life ta buga shi gaba ɗaya ta sayar da sama da kwafi miliyan 5 cikin kwana biyu. A 1953 ya ci kyautar Pulitzer, a 1954 aka ba mai shi Nobel. Duk wannan malaminmu ya sa mun haddace, ya kuma rubuta mana darasin littafin a allo, wai naci da rashin karaya. Muka kwafe, muka ci jarrabawa, muka manta.

Kawu bai san Nobel ba. Yayan mahaifiyata ne, a Tafkin Chadi ya koyi su, tsakanin Blangwa da Darak. Da farin 1984 ya kwashe ruwa daga wuraren da suka saba kafa kalli, sai ya bi sahun masuntan da suka gangaro kudu, don a lokacin madatsar Lagdo da 'yan Sin suka gina a kan Binuwai, wadda aka gama a 1982, ta tara ruwa, kifi ya samu wurin zama. Yanzu yanar ido ta rufe masa na dama, gwiwa ta ƙi, jirginsa na hannun wani yaro da ke kawo masa kaso. In kana da irinsa a gida, ko tsohon direba ne, ko mahaucin da wuƙa ta fara yi wa nauyi, ga yadda na yi, da inda na yi tuntuɓe.

Kada ka tunkari masunci da littafi sa'ad da ruwa ke bayarwa, wanda zai tashi kafin asuba ba shi da daren ba ka. A Lagdo hukuma kan rufe su daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba don kifi ya hayayyafa. Jirage na kife a gaɓa, maza na inuwa suna ɗinkin koma, hira ta ƙare har an fara maimaita ta jiya. Ya kuma zo daidai da dogon hutun makaranta, shi ya sa na samu zuwa daga Garwa. Ka bari sai bayan isha'i, an ci tuwo, an ɗora shayi. Ka kunna maganin sauro tukuna, don sauron bakin ruwa a watan Agusta ba ya jin Hausa balle Faransanci. Kuma ka nemi na takarda. Dattijo in ya ga idonka a kan waya, ya riga ya yanke cewa hankalinka ba ya wurinsa. Nawa wurin masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa na saya, kusa da babbar kasuwar Garwa, sefa 1500, bangon baya a yage. Fassarar Jean Dutourd ce ta 1952. Akwai sabuwa ta Philippe Jaworski da ta fito a 2017. Kowacce ka samu ta yi, tunda ba ita za ka furta ba.

Ana gobe za ka fara, ka bi littafin da fensir ka ja layi ƙarƙashin duk wani kayan aiki da duk wani kifi. Sannan ka bar ƙamus, ka nemi shi mai sauraron. Ka same shi da rana ka ce, “Kawu, mashin nan mai igiya da ake soke babban abu da shi, me kuke ce masa?” Zai ce zago, ya ɗora maka da labarin ranar da aka soki kada a gabansa. Komar da ake wurgawa ta buɗe kamar laima, birgi. Abin tuƙi, filafili. Ka samu kalmominka, shi kuma tun ba a fara ba hannunsa ya shiga aikin. Awo ma haka. Littafin da gaba yake auna zurfi, buɗin hannu biyu, yadda masuntanmu ke auna igiya har gobe, don haka kada ka mayar da shi mita. Tsohon ƙugiya huɗu ya saukar, a gaba 40, da 75, da 100, da 125. Kawu ya sa na sake faɗa, ya yi lissafinsa a zuci, ya ce, “To wannan ruwa ba shi da ƙasa ke nan.” Tsawon kifin ƙafa 18 ne, ka ce gaba uku, ya ɗara jirgin da ƙafa biyu. Nauyinsa a ƙiyasin tsohon ya haura fam 1500, wajen kilo 680. Ni buhun masara bakwai na ce.

Sunan kifin ne ya ba ni wahala. Da farko na ce giwan ruwa, don shi ne babba a wurinmu, ashe kuskure ne. Da ka ce giwan ruwa masunci ya riga ya ga kifin, ya san jansa, ya san lokacin gajiyarsa, sai ya hau yi maka gardama cewa giwan ruwa ba ya jan jirgi kwana biyu. Gaskiyarsa. Ka siffanta masa kawai: kifin teku ne mai dogon baki kamar takobi, yana tsalle ya fito ruwa gaba ɗayansa. Ka bar shi ya raɗa suna. Kawu ya ce “mai takobi”, muka tafi a haka. Waɗanda suka zo daga baya suka cinye shi kuwa, na ce haƙoransu sun fi na tsage, wani ya kai tsawon jirgi, daga nesa suke jin jini. Ya ce, “Kuraye ke nan.” Kurayen teku suka zama har ƙarshe.

Babban tuntuɓena a daren gwaji ne. Jimla-jimla na bi, in karanta ta Faransanci a zuci, in fito da ita da Hausa a yadda take jere. Ban kai shafi na biyar ba na ji numfashinsa ya canja. Da safe ya ce, “Malam,” haka yake kirana in zai yi mini tsiya, don koyarwa nake, “jiya Nasaranci ka yi ta yi da bakin Hausa.” Abin da ya yi aiki shi ne ka karanta sakin layi guda a zuci, ka rufe littafin a kan yatsanka, ka ɗago ka dube shi, ka faɗa masa abin da ya faru kamar a gabanka aka yi. Sai dai da bakinka ya saki za ka ji kana son ƙara gishiri, ka yi wa tsohon kirari, ka mayar da abin tatsuniya. Ka danne. Mutumin nan gajerun jimloli yake yi: hannu ya tsage, jini ya zuba, tsoho ya tsoma shi a ruwan gishiri, shi ke nan. Wanda igiya ta taɓa yanka ba ya bukatar a yi masa bayanin zafinta.

Ka gaya masa tun farko cewa ƙagaggen labari ne. Kawu ya ce, “Shi mai rubutun ya taɓa riƙe igiya?” Na ce ya daɗe a Kuba, kusa da Habana, yana da jirginsa mai suna Pilar, irin wannan kifin kuma ya sha kamawa. Bai tanka ba. Sai a dare na biyu, da aka zo inda tsohon ya tura buhu tsakanin bayansa da igiya don ta rage cinsa, na ji ya ce, “E, ya riƙe.”

Kafin ka buɗe shafin farko, ka duba abin da ke tsakaninka da mai sauraronka. Ni ban duba ba. Labarin yana buɗewa da tsohon, Santiago, ya yi kwana 84 bai kama kifi ba. Kwana 40 na farko akwai yaro tare da shi, Manolin, wanda ya fara shiga jirginsa tun yana ɗan shekara biyar. Da aka cika arba'in ba kifi, iyayen suka ce tsohon ya zama salao, kalmar Sifaniyanci ce, ka ce mai ƙashin tsiya ka huta, suka cire ɗansu suka sa shi wani jirgin, wanda a makon farko ya kama manyan kifi uku. Ina cikin faɗar wannan na ji bakina ya yi nauyi. Ina ɗan shekara shida na fara zama a jirgin Kawu ina kwarfe ruwa da ƙwarya. Ina goma, bayan wata shekarar da ruwa ya hana, mahaifiyata ta zo ta tafi da ni makaranta Garwa, kuma abin da ta faɗa masa ranar, a gaban mutane, bai yi nisa da salao ba. Shekara talatin ba wanda ya sake tayar da maganar. Ga shi na taso takanas na zo na karanta masa ita da bakina.

Ya yi shiru har shayi ya tafasa ya zubo a gawayi. Sannan ya ce, “Iyayen yaron suna da gaskiya. Kwana arba'in ba wasa ba ne, yaro ba ya cin alkunya. Ci gaba.” Da su yake ko da ƙanwarsa, bai fayyace ba, ni ma ban tona ba. In ka tarar da irin wannan a tsakaninku, kada ka tsallake wurin, kada kuma ka tsaya ba da haƙuri. Ka faɗe shi yadda yake a rubuce, ka bar masa shirunsa, in ya ce ci gaba ka ci gaba.

Inda nake so ka fi jinkirtawa yana nan kusa, wurin da a lise muka wuce da gudu muna neman inda za a fara kokawa da kifi. Yaron ya raka tsohon bukkarsa da yamma, ya tambaye shi abin da zai ci. Tsohon ya ce akwai tukunyar shinkafa da kifi, har ya yi masa tayi. Yaron ya ce a gida zai ci, ya nemi aron birgi, tsohon ya ce ya ɗauka. Alhali babu shinkafa, babu kifi, birgin kuma an daɗe da sayarwa, yaron ma yana tune da ranar. Kullum sai sun yi wannan wasa. Daga nan yaron ya fita ya dawo da shinkafa da baƙin wake da soyayyar ayaba daga wurin mai gidan abincin bakin ruwa, ya ajiye kamar ba komai ba.

Ka faɗi wannan a hankali, murya ƙasa-ƙasa, ba dariya, ba sharhi. Inna, matar Kawu, tana bakin ƙofa tana ɓarar gyaɗa, tun farko ta ce ita ba sauraro take ba. Nan ta tsayar da hannu ta ce, “Yaron nan ɗan halak ne, an yi masa tarbiyya.” Kawu ya ce, “Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.” Ni kuwa sai na tuna abin da ban taɓa haɗawa da littafin ba. Duk zuwan da nake yi Lagdo, in na tambayi Kawu yaya gida, sai ya ce akwai sauran hatsi a rumbu, in ce madalla, in faki ido in ajiye wa Inna kuɗin buhu a ƙarƙashin faifai. Na san abin da ke cikin rumbun nan, shi ma ya san na sani. A ganina nan littafin yake. Nacin da malaminmu ya rubuta a allo yana ciki, ban musa ba, amma jaki ma yana da naci. Abin da ya riƙe ni rufin asiri ne, yadda mutum biyu suka haɗa baki suka tsare mutuncin ɗayansu da tukunyar da babu ita. Inna ta kuma kama wani abu da ya wuce ni sau uku: hoton matar tsohon da ta rasu, wanda ya sauke daga bango don kallonsa na sa shi kewa, ya ajiye ƙarƙashin rigarsa mai tsabta. Ta ce, “Rigar kirki ɗaya gare shi, ita ma ya ba matarsa.”

Tunda ba babi, kai za ka yanka labarin. Daren farko ka kai shi har tsohon ya fita kafin asuba a rana ta 85, ya wuce duk sauran jirage, da tsakar rana ya ji wani abu na taɓa ƙugiyar gaba 100 a hankali. Nan ka rufe. Za a yi maka ƙorafi, ka ce fitila ta yi sanyi. Dare na biyu na ja ne: kifi ya ɗauki jirgi ya nufi tsakiyar teku, tsoho bai ɗauko komai ba sai kwalbar ruwa ɗaya. Shi ne daren da ya fi wuyar faɗa, don mutum ne shi kaɗai yana magana da kifi, da ɗan tsuntsun da ya sauka a kan igiya, da hannunsa na hagu da ya ƙage ya ƙi buɗewa. Taƙaitawa kaɗan ba laifi, amma duk inda tsohon ya ce da ma yaron yana nan, ka faɗa, kada ka rage ko ɗaya. Yana ta maimaitawa ne, kuma da gangan aka yi. Ni a karo na huɗu fitila na kalla, ban iya duban fuskar Kawu ba.

Akwai abubuwan da za ka ji kamar ka ɓoye wa dattijo musulmi. Yaron ya saya wa tsohon giya. Tsohon ɗan Katolika ne, ya ce shi ba mai yawan ibada ba ne, amma da wuya ta yi wuya ya yi alkawarin addu'o'insu goma-goma da ziyarar wani wurin ibadarsu in ya samu kifin. Kada ka mayar da giyar shayi, kada ka mayar da addu'ar Fatiha. Wanda ya yi zaman sansanin su da ƙabilun Musgum da Masa da mutanen kudu bai ga baƙon abu a nan ba. Kawu dariya ya yi, ya ce, “Duk wanda igiya ta ja ya san hanyar Ubangiji, sai an fito gaɓa ake mantuwa.” Ƙwallon sandar Amurkawa da tsohon ke yawan tunawa, da gwaninsa DiMaggio, ɗan masunci mai wasa da ciwo a diddige, shi kaɗai na nemo wa misali. Na ce kamar Roger Milla ne a 1990, yana da shekara 38 ya ci ƙwallo huɗu a gasar duniya a Italiya. Sau ɗaya ya isa.

Zakoki kuwa kada ka fassara su. Tsohon yana saurayi ya yi aiki a jirgin da ke zuwa Afirka, ya ga zakoki a bakin teku da yamma. Yanzu ya daina mafarkin guguwa da mata da manyan kifi, sai wurare da zakokin nan. A makaranta a jere aka ba mu ma'anarsu. Kawu da farko gardama ya yi, ya ce zaki a Waza yake da dajin Binuwai, me zai kai shi bakin ruwan gishiri. Can ya ce, “Amma gaskiya ne, ni ma na daina mafarkin kifi. Blangwa nake gani, ruwa cike har gindin itatuwa, ba kowa.” Da na riga shi da bayanin allo, da ban ji wannan ba.

Dare na uku gajere ne. Rana ta uku ta fito, kifi ya fara zagaye, tsoho na jan igiya yana ganin duhu-duhu, har ya jawo shi kusa ya soka masa zago a zuciya. Jirgin ba zai ɗauke shi ba, sai ya ɗaure shi a gefe, ya ɗaga ƙyallen iskarsa da duk facin buhun fulawa ne, ya juya gida. Niyyata in bar Kawu ya kwana da nasara. Ina rufe littafin ya ce, “Jinin fa?” Na ce, “Wane jini, Kawu?” Ya ce, “Ka soki abu mai nauyin buhu bakwai a zuciya, a ruwan da ka ce akwai kuraye, gida kuma da nisa. Ba shi kaɗai zai koma ba.” Masunci zai riga ka zuwa ƙarshen labarin, kada hakan ya kashe maka jiki. Washegari ban gama tuwo ba ya aiko a kira ni.

Dare na huɗu ka ƙara gawayi, za a yi gardama. Sa'a guda da ɗaure kifi kura ta farko ta iso, ta yagi wajen fam 40, tsoho ya kashe ta amma ta nutse da zagon da igiyarsa. Ya ɗaure wuƙa a filafili ya ci gaba, wuƙar ta karye. Ya koma kulki. Da tsakar dare suka zo garke guda, ya yi ta dukansu da sandar juya jirgi har ta karye. Ya iso gaɓa kowa na barci, ba abin da ke gefen jirgi sai kai da ƙashin baya da wutsiya. Kawu tun a kura ta biyu ya fusata. Mutum yana da wuƙa, in ji shi, me ya hana tun da rana ya yanke tsokar da jirgi zai ɗauka, ko buhu biyu ne, ya zuba ciki ya bar wa kuraye sauran? Ya fita ba gishiri, ba dutsen wasa wuƙa, ba zago na biyu. “Iya ruwa fidda kai. Wannan bai fid da komai ba sai ƙaya.”

Kada ka kare marubucin. Nan ne ɗan boko ke ɓata komai, ya hau cewa ai ba a fahimta ba ne. Ka gaya masa kawai tsohon ma ya yi nadamar gishiri da dutsen wasa, ya kuma ce abin da ya ci shi guda ne, ya yi nisa da yawa. Sannan ka zuba shayi ka jira. Ni har zagaye na uku na jira. Kawu ya ce, “Na gane. Ba nama ya je nema ba, da nama ne da ya yanka. Kwana tamanin da huɗu ana nuna shi da baki. So yake ya shigo da shi ɗungurungum, a gani.” Ya ɗan yi shiru. “Wauta ce. Ni ma da haka zan yi.”

Shafukan ƙarshe ka rage gudu. Tsoho ya saɓa sandar ƙyallen iska ya hau tudu, ya faɗi, sai da ya zauna sau biyar kafin ya kai bukka. Da safe yaron ya leƙo ya ga tafin hannuwansa, ya fita nemo masa gahawa yana kuka a hanya. Akwai wata baƙuwa 'yar yawon buɗe ido da ta ga ƙashin a ruwa ta ɗauka na kura ne. Kawu ya ce irin mutanen Garwa ne masu zuwa cin gasasshen kifi ran Lahadi, ba su san karfasa da tarwaɗa ba sai a faranti. Da ni yake. Inda ya sa na maimaita shi ne wurin da tsohon ya gaya wa yaron cewa da dare ya tofar da wani baƙon abu, ya ji kamar wani abu ya karye a ƙirjinsa. Littafin bai ce ya mutu ba, yana barci aka rufe, yana mafarkin zakoki, yaron na zaune kusa da shi. A lise awa guda muka yi muna muhawara a kai. Kawu ya ce, “Ya gama, ba zai sake fita ba. Yaron ma ya sani.” Na ce amma ga su nan suna shirin ƙera sabon mashi da ƙarfen sifirin tsohuwar mota. Inna ta ce daga bakin ƙofa, “Tukunyar shinkafa ce ta biyu.”

Kada ka tambaye shi darasin da ya koya, tambayar 'yan aji ce, amsar yara zai ba ka. In kana son ka riƙe abin da aka faɗa, ka rubuta a daren, bayan ya shiga ɗaki, ba a gabansa ba. Shi ne zai yi maka tambaya. Yaron ya ce daga yau tare za su riƙa fita, iyayensa sun so ko sun ƙi, sa'a kuma shi zai zo da ita. Kawu ya ce, “To ya je?” Na ce littafin a nan ya tsaya. Ya ce, “Ba littafin na tambaya ba, Malam, kai me ka gani?” Na ce ina ganin ya je. Ya ce, “Hm. Ran ɗaya ga Oktoba ake buɗe ruwa.” Na ce, “Lokacin mun koma aji, Kawu, amma hutun Disamba ina nan tafe, mu fita ko zuwa bakin tsibiri ne.” Ya ce, “Allah ya kai mu. Zan sa a duba jirgin, a nemo maka ƙwaryar kwarfa.” Inna ta tattara ɓawon gyaɗarta ta shiga ɗaki.

In za ka saya, ka sayi biyu. Da zan tafi na nemi nawa, ashe Kawu ya riga ya sa shi cikin akwatin ƙarfen da yake ajiye ƙugiyoyi da takardar jirgi, ya datse. Ko harafi ɗaya na boko ba ya karantawa. Sau biyu na koma wurin masu baza littattafai, har yau wani bai faɗo ba.